Jirginmu ya ɗebi gudu zai tashi sai ya danna birki, me ke kawo haka?

Ɗan Kasuwar Barci ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma bari in fara da labarin, don in na yi ta a bushe ba za ku gane abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba.

Ranar Talatar da ta wuce na ɗauki mahaifiyata za mu Legas, likitan ido ya ba ta ranar Laraba. Ni jirgi ba baƙona ba ne, harkar leshi da shadda tana kai ni can kusan duk wata biyu. Ita kuwa Inna rabonta da jirgi tun da ta sauke farali, an fi shekara goma sha biyar. Sai da na yi mako guda ina lallaɓa ta, don cewa ta yi a saka ta a mota ko kwana biyu za a yi a hanya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da hawan jini, ina ita ina zaman mota daga Kaduna har Ikko? Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda.

Mun fito daga Tudun Wada bayan azahar, muka bi ta Mando muka miƙe hanyar filin jirgi. Gari garau, babu hadari, sai rana kamar ta tsaga kai. Da muka hau na ba ta wajen taga daidai kan fiffike, na ɗaure mata bel da hannuna. Ta fito da carbinta, ta ɗora 'yar ledar dabino a cinya. Jirgi ya gangara ƙarshen titi ya juyo, ya ɗan tsaya, sai inji ya ɗauki kukan nan da ke manna maka baya da kujera. Muna ta gudu, ciyawa na wucewa ta taga, ni ina jiran in ji gaban ya ɗaga.

Bai ɗaga ba. Kukan injin ne ya mutu lokaci guda, kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar niƙa, sai kuma birki. Jama'a, ban taɓa jin birki irin wannan ba, ko a hannun 'yan kabu-kabun hanyar Zariya. Bel ya shige mini ciki, goshina saura ƙiris ya daki kujerar gaba. Ledar Inna ta tashi, dabino ya watse yana gangarawa gaba ta ƙarƙashin kujeru, wayar wani daga baya ta zo ta bugi diddigena. Ta taga na ga wasu faifaye sun miƙe tsaye a saman fiffiken, inji kuma ya sake wani ruri da ya fi na farko, alhali rage gudu muke. Wani Alhaji a gefenmu yana ta salati da ƙarfi, wata mata a baya tana kiran Yesu, ma'aikaciyar jirgin tana ɗaga murya da Turanci kowa ya zauna. Inna ba ta ce uffan ba. Hannuna ta damƙe, har yau akwai shatin farcenta.

Muka tsaya cak a tsakiyar titi. Ban ji wata ƙara kafin birkin ba, ba hayaƙi, jirgin kuma bai karkace gefe ba. Wari kawai, irin na tirela in ta sauko gangara da lodi tana cin birki. Can kyaftin ya yi magana, murya a sanyaye kamar mai karanta labarai, ya ce sun fasa tashi saboda wata 'yar matsalar na'ura. Motocin kwana-kwana biyu suka rako mu. Aka sauke mu, aka ba kowa ruwan gora da biskit, muka zauna fiye da awa biyu ba wanda ya ƙara ce mana kanzil. Gab da magariba aka ce mu hau, kuma jirgin nan dai shi ne.

Nan Inna ta kafe. Ta ce Allah ya nuna mata ishara, ba za ta yi masa gardama ba. Na yi juyin duniya. Sauran fasinja suka hau, ina tsaye bakin gilashi har jirgin ya ɓace, mu kuma muka karɓi jakunkunanmu muka koma gida. Wani abokin kasuwata da ke ciki ya bugo da dare ya ce sun sauka lafiya lau.

An ɗaga mana ranar likita zuwa mako mai zuwa. To waɗanda suka san harkar, me ke sa jirgi ya ɗebi gudu haka sannan ya fasa? Kuma hankali ne a sake zuba mutane a cikinsa? Abin da ya fi hana ni barci shi ne, da matsalar ta ƙara 'yan sakan kafin ta bayyana, titi ya kusa ƙarewa fa? Ina son abin da zan faɗa wa Inna wanda ba ƙarya ba, don tsohuwar nan tana gane ƙaryata tun ban rufe baki ba.

Na Rigasa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, ya ba Inna lafiya. Ni dai ina bayanta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Mota in ta lalace ka gangara gefe ka kira bakanike, a sama ina gefen yake? Ka kawo ta nan tashar Rigasa ku hau jirgin ƙasa zuwa Idu ta Abuja, daga can Allah ya yi muku mafita.

Kujerar Dama ya amsa:

Malam, sannu da wannan rana, a gaida Inna da jiki. Ni mataimakin matuƙi ne, a Zariya na koyi tuƙi, yanzu Boeing 737 nake ja. Bari in gaya maka yadda abin yake daga inda muke zaune.

Tun kafin mu tayar da inji mun riga mun fitar da lissafin wani gudu da muke kira V1. Ba lamba ɗaya ba ce kullum: nauyin jirgi a ranar, zafin gari, tudun wurin, inda iska ke kaɗawa, tsawon titi, a jiƙe yake ko a bushe, duk suna motsa ta. A 737 mai lodi takan faɗo wajen not 140, wato kusan kilomita 260 a awa. In an fara taka birki kafin a wuce ta, ragowar titin zai ishe mu tsayawa. In an wuce ta, ko inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai ɗaga mu kafin titi ya ƙare. Shi ya sa hannun kyaftin ke kan totur tun farkon gudu, ana kiran V1 sai ya ɗauke shi ya mayar kan sitiyari. Da gangan ake ɗauke hannun, don kada firgici ya sa ya ja totur baya a inda babu sauran filin tsayawa. A wannan gudun jirgi yana cin mita 70 da 'yan kai duk sakan ɗaya. Ka tsaya tunanin sakan biyu, ka cinye fiye da tsawon filin ƙwallon Ahmadu Bello.

Don haka abin da ke hana ka barci: da matsalar ta zo bayan V1, ba za su taɓa birki ba. Tashi za su yi da ita, su zagayo a natse, su sauko suna da titin gaba ɗaya a gabansu maimakon guntunsa. Na san a kunnen fasinja kamar hauka ne a ce inji ya mutu amma a tashi. To shi muke maimaitawa a na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida, malami ya kashe maka inji daidai kan V1 yana kallon hannunka. Titin Kaduna kuwa mita 3,000 ne. A 2017 da aka rufe filin Abuja na mako shida ana gyara, nan aka karkato da jirage, har Boeing 787 na Ethiopian yana sauka yana tashi a kansa.

Akwai wata iyakar kafin V1, ita ce not 80, kusan kilomita 150 a awa. Masu Airbus not 100 suke kira. Ƙasa da nan abu kaɗan ya isa a tsaya, tunda tsayawar ba ta da wani haɗari: fitilar gargaɗi ta kama, taga ta buɗe, inji ɗaya bai kawo ƙarfi daidai da ɗan'uwansa ba, wata ƙara da ba a gane ba, ko ƙaho ya yi ihu cewa ba a saita filaf ba, wato ƙarin da ke zarowa a bayan fiffike don taimaka wa jirgi ya ɗaga. Da an haura not 80 sai jerin ya tsuke: wuta, mutuwar inji, gargaɗin juyin iska a gaba (wato iska ta sauya akala ko ƙarfi kwatsam), ko jirgin ya nuna ba zai iya tashi lafiya ba. Hatta fashewar taya, in gudu ya yi nisa, an fi koya mana mu tashi da ita, domin tayar da ta fashe ba ta kama birki.

Juyin iskar nan kada ka raina shi, balle da farkon damina. Shi ya kayar da jirgin ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, yana barin ƙasa zai tafi Sakkwato, mutum 96 suka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Jiragen yanzu na'urarsu na iya hango shi tun muna ƙasa ta yi kuka.

Wani lokacin ma jirgin lafiyarsa ƙalau. Shirwa ko balbela ta shiga inji, dabba ta ratsa titi, ko hasumiya ta ce a tsaya. A filin JFK na Amurka, ranar 13 ga Janairu 2023, wani 737 na Delta ya riga ya ɗebi gudu sai 777 na American ya ratso gabansa. Mai hasumiya ne ya daka tsawa suka taka birki.

Faifayen da ka ga sun miƙe, aikinsu su kashe ɗagawar fiffike don nauyin jirgi ya zauna kan tayoyi, birki ya kama. Rurin na biyu ribas ne, inji ke juya iskarsa gaba. Birkin kuwa, in gudu ya kai wani mataki, ba ƙafa ke fara taka shi ba. Akwai maɓallin da muke murɗawa tun kafin tashi, kyaftin na jan totur baya na'ura za ta danna birki iya ƙarfinsa. Ita ba ta san da tsohuwa mai ledar dabino ba, ba ta lallaɓawa. Tunda kuma ka ce ba ƙara ba karkata, ka cire mutuwar inji daga lissafi, don injin da ya mutu yana fizgar hancin jirgi gefe.

Hajiyar Unguwar Rimi ta amsa:

Kujerar Dama, bayaninka ya yi daɗi, amma ɗana kai ɗan gida ne, ba za ka kushe tuwonku a gaban baƙi ba. Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne kalmar nan ta 'yar matsalar na'ura. Sau biyu ana yi mini ita, kamar mu yara ne da ake rufe wa ido. Kuma ba kowane kyaftin ke jin kukan na'urar ba. Ka manta jirgin da ya ɗauko gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu, daga Legas a watan Oktoban 2013? Na'ura na ta gargaɗi tun suna kan titi, mataimaki ya kawo maganar a fasa, kyaftin ya ci gaba. Suna ɗagawa suka faɗo, yawancin mutum 20 da ke ciki suka mutu. To kai da ke kujerar dama, in naka kyaftin ɗin ya yi kunnen uwar shegu ya za ka yi? Sannan kamfani mai jirgi uku yana bin gari goma, wa zai tabbatar mini gyara aka yi ba shafa-shafa ba, don kada a mayar wa mutane kuɗinsu?

Ɗan Kasuwar Barci, kada ka bar kuɗin tikitinku ya bi ruwa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da jami'an karɓar koken fasinja, ka kai musu in kamfanin ya tsaya yi maka yawo da hankali.

Kujerar Dama ya sake amsawa:

Hajiya, ranki ya daɗe, ban musa ba. A wajenmu kyaftin ne ke da hukuncin tsayawa, don ba a gardama a gudun mita 70 a sakan. Nawa shi ne in faɗi abin da na gani da ƙarfi, da kalmar da ba ta da harshen damo, ba in tambaya kamar mai neman alfarma ba. Wannan haɗarin ana ba mu misali da shi a aji saboda haka. Amma ki duba, hujjarki ta hau kan wanda ya ƙi tsayawa ne. Na ranar Talata ya tsaya.

Tsohon Sifana daga Barnawa ya amsa:

Ɗana, shekara talatin da 'yan kai na yi ina gyaran jirgi, tun zamanin Nigeria Airways har na ajiye sifana. Yaron nan Kujerar Dama ya gama maganar sama, bari in yi ta ƙasa.

Awa biyun da kuka yi a zaune, ba duka na gyara ba ne, akwai na birki. Ka ɗauki abu mai tan 60 ko 70 yana gudun kilomita 170, ka tsayar da shi cikin 'yan sakan, duk ƙarfin nan zafi yake komawa, kuma a birkin tayoyi huɗu kacal yake tarewa in 737 ne. Warin da ka ji ke nan. Zafin kuma ba nan take yake kai maƙura ba, sai bayan minti goma zuwa sha biyar ya gama ratsa ƙarfe, shi ya sa 'yan kwana-kwana suka raka ku. Tayar jirgi ba iskar mai faci ake ɗura mata ba, naitirojin ne, kuma in ta motarka tana 32 a geji, ta 737 tana wajen 200. A jikin wilin akwai wasu 'yan ƙusoshi da aka cika da ƙarfe mai saurin narkewa. In zafi ya wuce kima sai su narke, iska ta tsiyaye, taya ta kwanta maimakon ta yi bindiga. Mu an hana mu tunkarar taya mai zafi ta gefe, sai ta gaba ko ta baya, don in wili ya tarwatse gefe yake harbi. Kuma ba a sake tashi da birki mai zafi, saboda in aka kuma buƙatar tsayawa ba zai kama ba. Akwai jadawalin da ake dubawa: gudu kaza a nauyi kaza, jiran minti kaza.

Maganar sake hawa kuwa, duk abin da kyaftin ya gani sai ya rubuta a littafin jirgi. Da ya rubuta, jirgin ya zama ɗaurarre, ba ya tashi sai injiniya mai lasisi ya rubuta abin da ya yi a gaban wannan layin, ya sa hannu da lambarsa. In wani abu ya faru, wannan shafin masu bincike ke fara nema. Sannan kyaftin na da ikon cewa bai karɓa ba, kuma ka tuna shi ne a can gaba, shi ke fara isa duk inda za a je.

Amma Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Matsi akwai shi, mu 'yan arewa kuma mun biya kuɗinsa da rayuka. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin alhazai samfurin DC-8, na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair da ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da cikakkiyar iska, kuma an ga haka tun kwanaki kafin ranar. Da safen makanike ya nemi naitirojin, ba a samu a kusa ba, mai kula da jigilar ya ce a tafi kada a makara. Suna cikin gudu taya ta fashe, ta kusa da ita ta bi, ƙarfen wili ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan sun ji ƙara, amma ba su da abin da zai nuna musu wuta a wurin, suka tashi suka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutarsu. Sun juyo za su sauka ba su kai ba. Mutum 261, ba wanda ya fita. Ina bakin aiki a lokacin. Tun daga ranar ban ƙara auna taya da ido ba sai da geji, ko da kyaftin na leƙowa ta taga yana nuna mini agogo.

Ni a ba ni zaɓi, gara jirgin da ya tsaya aka yi awa biyu a kansa da wanda aka ga abu aka yi gum.

Ka ce kana bakin gilashi. Ka lura da inda ma'aikata suka kafa tsani? Wajen inji, wajen tayoyi, ko wajen hanci?

Ɗan Kasuwar Barci ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Wajen hanci ne, na gani sarai don a tsaye nake ina waya da ƙanwata. Mutum biyu masu riga ruwan ɗorawa, ɗaya ya hau tsani ƙasan tagar matuƙi yana haska wani ɗan ƙarfe kamar yatsa da tocila. Daga baya suka jawo wani akwati mai tiyo suka jona masa. Tayoyi wani ya zagaya su, inji kuwa ko kallonsa ba su yi ba.

Tsohon Sifana daga Barnawa ya sake amsawa:

To ai ka ba ni amsa. Ɗan ƙarfen nan bututu ne mai rami a baki. Jirgi ba da juyawar taya yake auna gudu ba kamar mota, da ƙarfin iskar da ke shiga wannan ramin ne. Kyaftin da bututunsa da malejinsa, mataimaki da nasa, ga na uku na ko-ta-kwana. Kiran not 80 da yaron nan ya faɗa, babban amfaninsa ke nan: ɗaya ya kira, ɗayan ya dubi nasa malejin. In na wannan ya ce 80 na wancan ya ce 50, ɗaya na ƙarya, kuma ba a tashi da maƙaryaci. Kafin a gane a ja totur gudu ya ƙaru, shi ya sa kuka sha birki mai zafi. Akwatin mai tiyo na gwaji ne, iska ake matsa wa bututun a ga ko maleji zai faɗi gaskiya.

Abin da ke toshe shi: ƙura da ta haɗu da ruwa, marfin da aka manta ba a cire ba, sai uban gayya, zanzaro. E, shi dai, mai ginin laka a kusurwar ɗaki. Ɗan rami yake nema, na bututun nan kuwa kamar don shi aka huda. A watan Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair na Turkiyya ya yi kusan mako uku a ajiye a Jamhuriyar Dominika. Ranar tashi kyaftin ya ga malejinsa ba ya aiki daidai wajen not 80, ya ci gaba. Minti kaɗan bayan sun ɗaga suka faɗa teku, mutum 189. Gidan zanzaro masu bincike suka fi zargi. A Brisbane ta Ostareliya kuma a 2013, jirgin Etihad awa biyu kawai ya yi a ƙasa zanzaro ya toshe masa bututu. Shi ya sa muke rufe shi da marfi mai jan ƙyalle da zarar jirgi zai ɗan jima. Ni da hannuna na sha zazzago busasshiyar laka daga ciki, wata rana har da tsutsar da ya ajiye wa 'ya'yansa.

Na Rigasa ya sake amsawa:

Wato zanzaro ma yana tsayar da jirgi. Baba, ka ƙara mini hujja ne. Ni dai Rigasa.

Ɗan Kasuwar Barci ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na zauna na karanta wa Inna duk abin da kuka rubuta, ban tsallake ko na Jidda ba. Ashe tana tune da shi, ta ce a rediyo ta ji tana goyon ƙanwata. Maganar V1 ba ta shige ta ba, sai da na ce mata kamar mai tsallake kwata ne, in ya riga ya ɗaga ƙafa ba ya fasawa a tsakiya. Ta ce wannan ai kowa ya sani, sai an je makaranta a Zariya? Kujerar Dama, ka yi haƙuri.

Da na zo kan zanzaro sai ta yi dariya, karo na farko tun ranar Talata. Ta ɗaga labulenta ta nuna mini gini uku a jere, ta ce shekara nawa tana bin su da tsintsiya suna dawowa. Sannan ta tambaye ni: in dai maleji ne, me ya hana su fito su faɗa mana tun a ranar, maimakon biskit? Hajiyar Unguwar Rimi, kin samu 'yar'uwa.

Na sayi tikitin Talata mai zuwa. Ta ce sai ta yi istihara tukuna, kuma in ta yarda da sharaɗi biyu ne. Ba za ta zauna wajen taga ba, sannan dabinonta a jaka zai shiga, don na ranar nan ko ƙwaya ɗaya 'yan jirgi ba su mayar mata ba.